Shekarar da Babanku Ya Koyi Sunan Ciwona

Da sunan Allah nake fara wannan babi, kuma ku biyu nake yi wa shi, ke Habsatu da kai Sani. Habsatu, ki yi haƙuri, yau zan ajiye kunyar 'yar fari in kira sunanki, don maganar ba ta yiwuwa sai da shi. Kun tashi kuna ganina ina shan magani kullum, kun kuma san abin da ke cikin jinina, ban ɓoye muku ba tun da kuka yi wayo. Amma abin da ya faru a shekarar da ciwon ya bayyana, a bakin mutanen Arlit kuka tsince shi gutsure-gutsure. Wasu sun ce asiri na yi wa babanku, wasu sun ce tausayi ne ya hana shi sakina. Duk ba haka ba ne, kuma tunda shi ba ya nan balle ya faɗa da bakinsa, ni zan faɗa.

Na zo Arlit daga Damagaram ina amaryar mijina na fari, Amadu, direban kamiyo mai ɗauko kaya daga kudu. Mun yi 'yan shekaru Allah bai ba mu haihuwa ba, sai ya kwanta doguwar jinya, ya rame, ya rasu. A lokacin wasu sun ce tari ne, wasu sun ce sammu. Har yau ban san gaskiyar ba, kuma ban yarda a zage shi a gabana ba, don bai taɓa cutata da saninsa ba. Da na fita takaba ban koma gida ba. Na kafa tukunya kusa da tasha, ina sayar da tuwo da shinkafa da wake ga ma'aikata da direbobi da Abzinawan da ke shigowa da awakinsu daga Gugaram. Nan babanku ya same ni. Ba'adare ne daga wajen Tawa, yana gyaran injuna a garejin kamfanin uraniyom, matarsa ta rasu ba ta bar masa ɗa ba. Kullum sai ya zo da baƙin mai a farce, ya share kwano tas, sannan ya ce miyar Damagaram ba ta da wani armashi. Ranar da na gaji na ce masa ga masu tuwo nan birjik ya je ya nema, sai ya sunkuyar da kai ya ce shi dama ba don miyar yake zuwa ba. Ba a daɗe ba aka ɗaura mana aure.

Da na samu ciki murna kamar ta kashe shi. Shi ya matsa mini in riƙa zuwa awo gidan likita, inda na haɗu da Madam Lidiya, ungozoma, Kirista 'yar Maradi, gajeriyar mace mai murya kamar ta namiji. Ta ce akwai gwajin jini da ake yi wa masu ciki in sun yarda, na ce na yarda, ban ma saurari bayaninta da kyau ba don hankalina na kan tukunyar da na bari. Ranar da na koma jin sakamako tana ɗakin haihuwa, wata mata na naƙuda mai wuya. Wani saurayi mai farar riga ya dubi takarda ya faɗi wata kalma da Faransanci. Na ce ban ji ba. Ya rage murya ya ce sida, ya ce in zauna in jira Madam. Ban jira ba. Na fito na kama hanya a ƙasa cikin rana, ina tafiya ina jin sunayen da mutanen gari suka sa wa abin suna yawo a kaina. A tasha na sha jinsu a bakin masu cin tuwona: kanjamau, ciwon zamani, kabari salamu alaikum. Ni kaina na sha yin dariya in an faɗi na ƙarshen.

Na yi kwanaki ban gaya wa kowa ba. Na fara haɗa kayana a ɓoye, na ninke zannuwa na cusa a ƙasan akwati, don na tabbata ranar da ya ji, ranar zan bar gidan. Babanku bai ce komai ba sai wata Juma'a bayan ya dawo masallaci, da na ajiye masa abinci na manta ban sa gishiri ba. Ya kai loma ɗaya, ya ture kwanon, ya ce in zauna. Na zauna na gaya masa, ina kallon tabarma. Da na gama, sai ya ce:

"Mi anka ce miki daidai? Ba abin da kika ji tasha ba. Kalmar da likita ya hwaɗi."

Na ce ban riƙe ta ba, amma ai duk ɗaya ne, mutuwa ce. Ya ce shi a garejinsu in inji ya tsaya ba a cewa ya mutu sai an buɗe an ga wane ƙarfe ne ya ci, kuma bai ga dalilin da za a yi wa mutum abin da ba a yi wa inji ba. Ya ce in kwance kayan da na ɗaure, don ya ga akwatin tun shekaranjiya. Bai tambaye ni inda na samo ba. Ranar bai tambaya ba, kuma har ya koma ga Allah bai tambaya ba.

Washegari ya nemi izini wajen aiki ya raka ni. Madam Lidiya ta fara da yi mini faɗa kan guduwar da na yi, sannan ta rufe ƙofa ta zaunar da mu. Babanku ya ce mata shi bai yi lakwal ba, wato makarantar boko, Faransancinsa na gareji ne, don haka ta faɗa masa kowace kalma da Hausa, kuma kada ta wuce ɗaya sai ya ce ya gane. Ta dube shi ta yi murmushi, ta ce da duk mazan Arlit haka suke da ta huta. Kalmar da aka gaya mini, in ji ta, seropozitif ce, ma'anarta an ga alamar ƙwayar cutar a jinina. Ƙwayar wata halitta ce da ido ba ya gani, aikinta ta riƙa cin garkuwar jiki, wato sojojin da Allah ya zuba a jinin mutum suna tare masa cututtuka. Sai ta ci su ta ƙarar, har kowane ƙaramin ciwo ya samu ƙofa, tari da zawo da ƙuraje, sannan ake cewa mutum ya kai ga sida. Ta ce ni ban kai can ba, ina ɗauke da ƙwayar ne kawai, kuma in na riƙe magani ba lallai in taɓa kaiwa ba. Babanku ya sa ta maimaita wannan. Ya tambaya ko irin ciwon sanyi ne da ake ɗauka wajen saduwa a yi allura ya wuce. Ta ce hanyarsu ɗaya amma halinsu daban, wannan ba ta fita daga jini, sai dai magani ya danne ta ta kwanta. Ya tambayi hanyoyinta, ta ce jini, da saduwa, da uwa zuwa ɗanta a ciki ko wajen haihuwa ko a nono. Sai ya shiga jero mata abubuwa kamar mai neman ta da faɗa: kwano fa, buta fa, sauro fa, zufa fa, in ta yi atishawa fa? Kowanne ta ce a'a. Sannan ta zo kan jariri. Ta ce akwai maganin da zan fara sha tun yanzu, akwai na ruwa da za a ɗiga wa jaririn, kuma da yardar Allah ana haihuwar da yawa lafiya lau.

Shi ma ya ba da jininsa. Nasa ya fito negatif, babu ƙwayar. Na ɗauka zai yi murna, sai na ga ransa ya ɓaci kamar an raba mu gida. Madam ta ce ana samun haka tsakanin miji da mata, kuma yanzu aikinsa ya tsare kansa, domin in ya kwanta wa zai dube ni? Nan ta kawo maganar kwaroron roba. Ku yafe mini, 'ya'yana, na san ba maganar uwa da 'ya'ya ba ce, amma kun girma, kuma kunyar faɗin sunan abu ta kashe mutanen da na sani. Babanku mutum ne da ko sunan ciki ba ya iya faɗa, sai ya ce "lalurar nan taki". Da ya je farmasi ya tsaya ya rasa ta cewa, ya ce a ba shi hula, don haka samari ke kiran abin. Mai farmasin, wani dattijo mai son wasa, ya ce masu huluna suna cikin kasuwa layin maɗinka. Ga mutane a bayansa suna jira. Ya dawo gida jiƙe da zufa yana ba ni labari, ya ce da ya ga ba mafita sai ya daure ya faɗi sunan gaba ɗaya da ƙarfi, har wata tsohuwa ta yi salati. Ranar na yi dariyar da ban yi ba tun da na fito daga ɗakin saurayin nan mai farar riga.

Da watan haihuwa ya matso, kakarku Inna ta hau mota daga ƙauyensu ta zo yi mini wankan jego, tunda tawa uwar ta daɗe da rasuwa. Nan muka shiga tsaka mai wuya. Madam ta gargaɗe mu cewa jaririn nono zalla zai sha har wata shida, ba ruwa, ba jiƙo, ba madarar akuya, don haɗa su da nono yana buɗe wa ƙwayar hanya a cikin yaro. Ta kuma ce aska sabuwa, ba a cire belu, ba a tsaga. To wa zai hana Inna ba jikanta ruwa a zafin Arlit ba tare da ya gaya mata dalili ba? Na roƙi babanku mu yi mata wata dabara, mu ce likita ne ya hana kawai. Ya ce ya san uwarsa, za ta ce to, in mun juya baya ta ɗura. Amma ya ce jinina ne, sirrina ne, ba zai buɗe baki ba sai na yarda, kuma duk wanda na zaɓa yana bayana. Na kwana biyu ina juya abin. In na yi shiru na tsira da mutuncina, wataƙila in rasa lafiyar abin da ke cikina. Wata safiya tana tsinke zogale a tsakar gida, na durƙusa gabanta na gaya mata da bakina.

Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba. Ta tattara zogalenta ta shiga ɗaki. Da rana na ga ta ware kwanonta da moɗarta ta kife su can gefe. Da yamma ta tafi wajen babban ɗanta, Baba Garba, wanda ke da rumfar hatsi a kasuwa, ba don ta tona ni ba, don dai ta rasa wanda za ta yi shawara da shi. Washegari Baba Garba ya zo gidan bayan la'asar, ya ƙi zama kan tabarmarmu, ya tsaya a zaure ya ce wa ƙaninsa tunda Allah ya tsirar da shi, ya sallame ni da mutunci in na haihu, ya nemi mace mai lafiya. Ina daga ciki ina ji. Babanku bai taɓa ɗaga wa yayansa murya ba, ranar ma bai ɗaga ba.

"Yaya, da ni anka gani da ita, wagga mata ba ta tahiya ta bar ni. Kai ma ka sani. To ni ma ba ni tahiya."

Daga nan magana ta fita gari. Ban ce Baba Garba ne ya yaɗa ba, zaure ba ya riƙe sirri. Cikin 'yan kwanaki masu cin tuwona suka watse, sai in dafa tukunya in dawo da ita kusan yadda take, har na haƙura na daina sayarwa. A fadar da babanku ke shan shayi da yamma aka fara ware masa kofi. Ya lura, bai fasa zuwa ba. Sai ya zauna ya karɓi kofinsa na ware, duk wanda ya ce kanjamau a gabansa ya tsayar da shi ya yi masa karatun Madam Lidiya tun daga ƙwaya har garkuwa. Wasu suka riƙa tashi in sun hango shi. Wasu kuma, na ji daga baya, sukan bi shi a hanya in ba kowa, su tambaye shi a ina ake gwajin, kuma in an gani ana gaya wa matar mutum?

Habsatu, a hannun Madam Lidiya kika faɗo, da hantsi, kina tsala kuka kamar an yi miki laifi. Inna tana bakin ƙofa. Da aka miƙa mata ke sai ta karɓa, ta daɗe tana kallonki, ta ce hancin kakanku ne sak. Ita ta dafa ruwan wanka, ita ta yi mini da ganyen darbejiya safe da yamma, tana yi tana mita cewa 'yan Damagaram ba su da juriyar zafi. Kwanonta dai yana gefe. Ranar suna babanku ya kawo reza sabuwa cikin takardarta ya miƙa wa wanzami, ya ce aski kawai. Wanzamin ya fara gunaguni kan belu, sai Inna ta ce masa a danginsu ba a cirewa, alhali ita ta sa aka cire wa 'ya'yanta duka. Maganar ruwa kuwa mun sha fama. Takan ce wannan zalunci ne, ko ɗan akuya ana ba shi ruwa. Kowace safiya babanku kafin ya hau motar ma'aikata sai ya durƙusa ya sake yi mata bayani, ita kuma ta ce ya tashi ya ba ta wuri, ta haife shi ba shi ya haife ta ba. Amma ba ta ba ki ba, ko sau ɗaya.

Ranar da na san Inna ta dawo wajena, ina ɗaki kwance, wata maƙwabciyarmu ta shigo barka ta same ki a hannunta kina kuka. Na ji matar ta ɗebo ruwa a randa tana cewa a ba yarinya ta jiƙa maƙoshi, ai nonon mai sida ba abin da zai yi mata sai illa. Na yunƙura zan tashi, sai na ji muryar Inna.

"Aje moɗar nan. Kuma ki gyara bakinki, ɗiyata ba ta da sida. Ƙwayar ce gare ta, tana shan magani, garkuwarta na nan da ƙarhinta. In ba ki san abu ba ki tambaya."

Matar ta fita sumui-sumui. Na kwanta ina hawaye ina dariya, don ko muryar babanku sai da ta kwaikwaya wajen faɗin garkuwa. Da azahar ta shigo da fura a ƙwarya ɗaya da ludayi ɗaya, ta sha ta miƙo mini, na sha na miƙa mata. Ta zo da niyyar yin arba'in ta koma, sai da kika fara zama sannan ta tafi.

Kina da shekara ɗaya da rabi aka yi miki gwajin ƙarshe. Babanku ya zo daga gareji da kayan aikinsa, bai ko wanke hannu ba. Da Madam ta ce babu komai a jininki, sai ya zauna daɓas a ƙasan siminti, ke kuma kika je kika hau wuyansa kina ja masa kunne. Daga baya na sake kafa tukunyata. Mutane suka dawo sannu a hankali, baƙin direbobi tukuna, sannan 'yan gari da suka ga shekara na bin shekara ban rame ba, sai ma ƙiba. Magani ya ƙara kyau, har aka zo lokacin da likita ya ce ƙwayar ta kwanta, ko a gwaji ba a ganinta, kuma muddin ban yi wasa da magani ba, ba zan sa wa mijina ba. A wannan sararin muka same ka, Sani, kai ma lafiya lau.

Abu ɗaya ne bai gyaru ba. Baba Garba bai sake cin abincin gidanmu ba har ya rasu. Yakan zo gaisuwar salla ya tsaya a zaure, ya shafa kanku, ya ba ku dabino, ya tafi. Babanku yana ƙaunar yayansa ƙwarai, shi ya kawo shi Arlit, shi ya nema masa aiki. Duk salla sai ya sa in zuba tuwo a kwano mafi kyau ya kai masa zaure da hannunsa, ya dawo da shi a rufe. Bai taɓa yi mini ƙorafi ba, amma nakan ga yadda yake ajiye kwanon. Kada ku riƙe Baba Garba a zuci. Tsoro ne, kuma ni ma da na ji sunan a karon farko guduwa na yi.

Da kamfani ya sallami babanku ya tsufa, ƙirji ya fara damunsa, sai ya ɗora wa kansa wani aiki da ba wanda ya sa shi. Da an sallame magariba zai leƙo ya tambaya ko na sha magani, alhali ya san ban taɓa mantawa ba. Nakan ce masa ya ji da nasa tarin. A jinyarsa ta ƙarshe kuna Yamai wajen karatu, kafin ku iso ya daina gane mutane sosai, yakan kira ni da sunan Inna. Ranar da zai cika, ladan ya kira magariba, ina zaune gefensa ina yi masa fifita. Ya buɗe ido ya dube ni, na ga ya gane ni sarai.

"'Yar Damagaram, kin sha?"

Ban sha ba, don hankalina ba ya jikina. Na tashi na ɗauko, na haɗiye a gabansa ya gani. Ya gyaɗa kai ya rufe ido. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.